Kulocin motar Yaya da ciwon da yake ta dawowa

Ranar wata Talata da hantsi, ruwa ya ɗauke da kamar mako uku, na yaye tamfol na shiga motar Yaya don in tayar da ita. Ina taka kuloci sai fedar ta tafi ƙasa zuruf kamar na taka taɓo, ta kwanta a can ta ƙi dawowa. Sai da na sunkuya na ɗago ta da hannu. Na daɗe zaune riƙe da sitiyari. Karo na huɗu ke nan cikin shekara uku, a motar da duk tafiyar da ta yi a tsawon lokacin ba ta kai wadda direban Kano zuwa Zariya ke yi a wata guda ba. Ga bikin ƙanwarmu saura mako uku, Yaya kuma ya riga ya ce a cikinta zai zaga 'yan uwa.

Motar Mazda MX-5 ce, ƙirar 2001, ja, mai kujera biyu da rufin yadi da ake naɗewa baya. A Amurka Miata suke ce mata. A 1989 aka fara fitar da irinta, tamu kuwa daga zubi na biyu take, waɗanda aka yi tsakanin 1998 da 2005. Ƙarama ce, nauyinta tan ɗaya da 'yan kai, tayoyin baya ke tura ta, giyarta ta hannu guda biyar. Yaya ya sayo ta ta Kwatano saboda son da yake mata tun yana saurayi, amma aikinsa a Fatakwal yake, zuwansa gida bai wuce sau biyu ko uku a shekara ba. Sai ya ajiye ta a gidanmu na gado, a wani ƙauye kusa da Kura, a tsakiyar gonakin shinkafar da ruwan Tiga ke shayarwa, ya damƙa mini makulli. Cikinta kusa yake da ƙasa ƙwarai, hanyarmu kuwa da damina kwazazzabai ne da caɓi, don haka daga watan Yuni zuwa Oktoba ko ƙofar gida ba ta leƙawa.

A karon farko, bayan daminar farko da ta yi a wurinmu, inji ya tashi lafiya amma giya ta ƙi shiga, sai ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Wani bakanike a gari ya ce kuloci ya ƙare. Aka sauke giyabos, aka canza faifai da murfinsa da boris, kuɗi masu yawa suka tafi. Bayan wata shida feda ta yi laushi, aka canza mastan ƙasa, wato ɗan bututun mai da fistin da ke danna kuloci a gefen giyabos. Daga baya kuloci ya koma ba ya kamawa sai can daf da ƙasa, wani ya shiga ƙarƙashin sitiyari da sifana ya ɗaure wani abu, ya ce ya gyaru. Ya gyaru ɗin na kwana biyu. Ranar da Yaya ya ɗauke ni za mu Zariya, muna wuce Kwanar Dangora sai inji ya fara kururuwa mota ba ta ƙara gudu, ƙauri ya cika mana hanci. Muka tsaya ta huce, muka juyo a hankali. Kowane karo magana ɗaya muke yi a gida: kulocin nan ya sake lalacewa.

Da na buga wa Yaya waya a wannan karon, muryarsa ta nuna ya gaji. Ya ce ko dai a sake sauke giyabos a canza komai, ko a nemi mai saye. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri ka ba ni kwana uku. Kada a taɓa giyabos sai na san abin da ke damunta." Ni malamin makaranta ne, ban san ƙarfe ba, amma raina ya kasa yarda cewa faifan da bai yi tafiyar kirki ba ya cinye.

Akwai wani dattijo a Kura da ya yi zamaninsa yana gyaran Fijo 504 na haya, yanzu ya fi zama kan injinan ban ruwa da taraktoci. Na je na gaishe shi na yi masa bayani. Washegari bayan azahar ya iso a kan babur, jikansa na goye da jakar kayan aiki.

Bai fara da buɗe bonet ba. Ya tsaya yana kallon inda motar take. Rumfar kwano ce a bayan gida, ƙasanta ba siminti, indararon ɗakin Inna yana zuba daf da ita, bayan katanga kuma gonar shinkafa ce da ba ta rabuwa da ruwa. Ya tsuguna ya dafa ƙasar da ke ƙarƙashin motar, ya ɗago tafinsa ya nuna mini: da sanyinta, har da ɗan kore-kore. Ya shafa cikin tamfol ɗin da nake naɗe ta da shi har ƙasa, ya ji danshi.

"Malam, kai ka lulluɓe ta haka?"

"Ni ne, Baba. Saboda ƙura da kashin kaji."

"To ka tsare ƙura, ka kulle mata laima a ciki."

Sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya ce in ba shi labarin kowane karo daban. Abin da ya fi nanatawa shi ne lokaci: a wane wata abin ya faru, kuma kwana nawa ta yi a ajiye kafin nan? Allah ya sa ina rubuta duk kuɗin da na kashe wa motar a bayan wani littafi saboda lissafi da Yaya. Da na ɗauko muka bi, sai ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Uku daga cikin huɗun, a ranar farko da aka taɓa ta bayan dogon zama suka faru. Ɗayan ne kaɗai ya same ta a kan hanya tana da zafi. Dattijon ya ce, "Kun ba cuta uku suna ɗaya, shi ya sa magani ya ƙi ci."

Sai a nan ya yi mini bayanin yadda abin yake aiki, yana zanawa a ƙasa da tsinke. Kulocin wannan mota na mai ne, ba na waya irin na babur ba. Idan ka taka feda, wani siririn ƙarfe yana tura fistin a cikin mastan sama, wanda ke manne a bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Mai ya bi bututu da guntun tiyo ya sauka zuwa mastan ƙasa a gefen giyabos, shi kuma ya turo sandarsa ta danna wani hannu da ke raba faifan kuloci da babban faifan inji, wanda makanikai ke kira filawil. Ya ce 504 ma haka take. Don haka idan giya ta ƙi shiga, wuri biyu ne abin zargi: ko turin bai isa ƙasa ba, ko ya isa amma faifan ya ƙi saki. Na farko a waje yake, ana ganinsa da ido. Na biyun ne kawai ke ciki. Wanda ya sauke giyabos bai duba na wajen ba, ya fara daga inda ya kamata a ƙare.

Ya buɗe ɗan kofin man kuloci, wanda ke zaman kansa kusa da na birki. Kusan babu komai a ciki, ɗan abin da ya rage kuma baƙi ne ƙirin, da laka a gindi. Ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, ya ce wannan baƙin roba ce da ta narke. Ya tambaye ni ko wani ya taɓa zuba man inji ko man giya a ciki, domin irin waɗannan suna kumbura robobin su kashe su gaba ɗaya. Na ce ban sani ba. Ya sa aka kawo ruwa a kofin gilashi ya ɗiga man a ciki. Muna kallo ya baje ya gauraye da ruwan, bai taso sama ya yi ido ba. Ya ce to man birki ne na gaskiya, da man inji ne da ya yi iyo. Amma wannan gaurayar da muka gani, in ji shi, ita ce kuma matsalarsa: man birki yana son ruwa, har daga iska yake zuƙarsa.

Daga baya na karanta na tabbatar. Irin man da ake kira DOT 3, sabonsa ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ƙalla, amma idan ya sha ruwa kusan kashi 4 cikin 100 sai ma'aunin ya sauko zuwa wajen 140. A kuloci ba tafasar ce ta fi damu ba, tsatsar da ruwan ke haifarwa ce. A nan ne na faɗa masa abin da ya dame ni: duk lokacin da na ga man ya ragu, daga wata tsohuwar gora nake ƙarawa, wadda aka buɗe tun shekara biyu tana kan taga a rumfar. Ya ce in zubar da ita a ranar.

Ya karɓi tocila ya kwanta rigingine a mazaunin direba, kansa a ƙarƙashin sitiyari, duk da shekarunsa. Ya kira ni in leƙa. Inda ƙarfen feda ya shiga bango, akwai wani siririn layi mai sheƙi da ya gangaro, fentin wurin ya tattare ya ɓare, kafet ɗin ƙasa ya yi danƙo. Mastan sama yana yoyo ta baya, cikin mota, inda ba wanda ke dubawa. Shekara uku ina leƙa ƙarƙashin mota ina neman ɗigo a ƙasa ban gani ba, ashe a gaban ƙafata yake zuba.

Aka ɗaga gaban motar da jak, aka cire tayar dama. Ta nan ake ganin mastan ƙasa sosai. A waje bushe yake fes, kuma ai sabo ne, bai shekara biyu ba. Dattijon ya sa babban yatsa ya janye robar da ke rufe bakinsa, sai wani ruwa ja-ja ya tsiyayo masa a hannu. Robar ce ta tare shi bai ɗiga ba. Ya kwance notinan biyu ya fito da shi, ya zare fistin, ya miƙo mini ya ce in zura ɗan yatsa. Daga baki sumul yake, amma da na ƙara shiga sai farcena ya kama wani kaushi zagaye kamar zobe, da ƙananan ramuka. Ya ce nan ne ruwa da datti suka kwanta, domin shi ne wuri mafi ƙasa a duk layin. Motar da ke fita kullum, fistin yana share wurin sau ɗari a yini, tsatsa ba ta samun zama. Wadda ta kwana wata huɗu kuwa, tsatsa ta yi gida, ranar da ka taka sai leɓen roba ya bi ta kan kaushin ya yage. Kuma da aka sa sabon mastan ƙasa a wancan karon, ba a wanke layin ba, tsohon baƙin mai aka tura masa daga mastan sama mai ruɓewa. Tun ranar da aka ɗaura shi ya fara mutuwa.

Saura ƙaurin da muka ji a hanyar Zariya, wanda ya fi ɗaure mini kai, don yoyo ai hana kuloci saki yake yi, ba sa shi sulɓi ba. Dattijon ya koma wajen feda ya taɓa ta da yatsa ɗaya. Babu wasa ko kaɗan, ƙarfen a tokare yake. Ya ce wanda ya shiga da sifana ya tsawaita ƙarfen ne don kuloci ya riƙa kamawa sama, ya ɓoye alamar yoyon. To a cikin mastan sama akwai wata 'yar ƙaramar ƙofa da mai ke komawa kofi ta cikinta idan ka ɗaga ƙafa. Ƙarfe ya yi tsawo, fistin bai dawo ƙarshe ba, ƙofar ta toshe. Da inji ya yi zafi mai ya buɗe, ba shi da hanyar komawa, sai ya riƙa tura mastan ƙasa shi kaɗai, kamar mutum ya ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya. Gyaran gangar auzinawa ke nan, kuma shi ne ya fi ba ni takaici a duk abin, domin da mun dage a ranar da mun ƙone sabon faifai da hannunmu.

Na ɗauko masa tsohon faifan da aka cire a karon farko, wanda na ajiye a ɗakin hatsi. Ya juya shi a rana. Naman jikinsa na nan da kauri, ƙusoshin can a nutse. A fuska ɗaya akwai tambarin tsatsa zagaye. Ya ce, "Wannan bai mutu ba, Malam. Liƙewa ya yi." Bai ƙara komai ba, ni ma ban ce komai ba.

Neman kaya ya ci kwana tara. Na ɗauki tsofaffin a leda na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, don irin wannan mota ba a saya mata kaya da baki, sai an gwada da ido. Wani mai shago ya samo mini na gwanjo nan take, da sauƙin kuɗi, na kira dattijon ya ce kada in karɓa: abin da ya yi watanni a kwance a kwantena, ciwon da muke gudu shi ke jikinsa. A ganina wannan ita ce shawara mafi amfani da ya ba ni. Gwanjo yana da kyau a ƙofa ko fitila, amma ba a abin da rayuwarsa roba ce da mai ba. Aka yi mini odar sababbi daga Legas, mastan sama da na ƙasa da tiyo, na haɗo da gora biyu na man birki da hatiminsu.

Ɗaurawa ba ta ɗauki lokaci ba. Fitar da iska ce ta sha mu. A bututun akwai wani wuri da ya naɗe kamar gammo kusa da giyabos, iska na maƙalewa a ciki. Ni ina kan feda, jikan yana lura da kofi kada ya ƙafe, dattijon yana ƙasa da ƙaramin sifana da siririn tiyo a cikin gora. "Taka. Taka. Riƙe!" Ya buɗe, ya rufe. "Saki." Mun yi haka har ƙafata ta fara rawa, sai da man da ke fita ya koma garau ba kumfa ko ɗaya. Ya mayar da ƙarfen feda tsawonsa na asali, ya bar ɗan wasa a sama. Sannan ya kara tsinken tsintsiya a jikin sandar mastan ƙasa, ya ce in taka in riƙe. Ya yi alama da farce, muka ƙirga har sittin. Sandar ta fito sosai ta tsaya cak, ba ta ja baya ba. Ya ce da akwai sauran yoyo a ciki, da mun ga tana sulalewa.

Na tayar da inji cike da murna, na taka kuloci, na tura giya ta ɗaya. Ƙarar niƙan nan ta dawo. Gabana ya faɗi.

Dattijon ko a jikinsa. Ya ce in kashe inji in gwada. Giya ta shiga kowace lamba sumul. Na tayar, ta ƙi. Ya ce to yanzu mun san inda muke: turi yana isa, faifai ne ya liƙe da filawil saboda tsatsar damina, irin na karon farko sak. Da ba mu gyara na waje ba, ba mu da hanyar rarrabe su.

Da la'asar sakaliya, bayan yara sun watse, muka tura ta zuwa filin ƙwallon makarantar firamare. Ya sa na bar inji yana aiki a firi har ya yi zafi sosai, sannan na kashe. Ya sa jikansa da matasa biyu suka kore awaki suka tsare bakin fili, domin a wannan hali mota ba ta tsayawa da kuloci, sai an kashe makulli. Shi ya zauna a mazaunin direba. Ya sa giya ta ɗaya, ya danne kuloci har ƙasa, ya murɗa makulli. Motar ta zabura ta kama tafiya da kanta. Ƙafarsa na kan kuloci bai ɗaga ba, ya riƙa ba ta wuta yana saki, ba ta wuta yana saki, tana fizga kamar doki sabon horo. A zagaye na biyu ya haɗa da ɗan birki. Sai muka ji "ƙwas!" daga ƙarƙashinta, inji ya yi sama shi kaɗai, motar ta gangara a sake ta tsaya. Ya sa ribas, ta shiga shiru. Matasan suka yi kabbara.

Muka hau kwalta ni da shi. Ya sa giya ta huɗu a ƙaramin gudu ya take totur, yana kallon allurar inji. Ta hau a hankali tare da gudun motar, ba ta yi tsalle ba. Ya ce faifan ya tsira daga abin da ya same shi a hanyar Zariya. Muka je har Kwanar Gafan muka dawo, ta yi zafi sosai, ba ƙauri, feda tana nan yadda take.

Kafin ya tafi ya bar mini sharuɗɗa. Na yi wa rumfar daɓen siminti, na karkatar da indararon, na daina naɗe ta da tamfol, sai wani yadi mara nauyi da iska ke ratsawa. Ba na jan birkin hannu in za ta daɗe, don shi ma liƙewa yake, waigi nake sa mata. Na tambaye shi game da masu tokare fedar kuloci da sanda don kada faifai ya liƙe, ya ce bai yarda da shi ba, wata huɗu roba da sifirin suna cikin matsi ba alheri ba ne. Tayar da inji a tsaye ma bai wadatar ba, dole ta motsa, kuloci ya kama ya saki. Kowane kwana goma nake fita da ita yanzu. Da damina in hanya ta yanke, gaba da baya nake yi a tsakar gida har sau goma sha. Mai kuwa, galibi shekara biyu ake cewa a canza, shi ya ce a wuri irin namu mai kewaye da ruwa in canza duk ƙarshen damina.

Yaya ya iso ana jibi ɗaurin aure. Na nuna masa tsohon mastan ƙasa, shi ma ya zura yatsa ya ji zoben tsatsar, na kuma nuna masa faifan farko da littafin lissafi. Ya yi shiru, sannan ya ce in kai shi ya gaida dattijon, a motar muka je. Damina ɗaya ta wuce tun daga nan. A makon da ruwa ya ɗauke na buɗe kofin, man ya ɗan yi duhu kamar ruwan zuma amma ana hango gindi, na janye robar mastan ƙasa na tarar da ita a bushe.